Danjar Gaban Gidan Burodi

Litinin, 3 ga Fabrairu, da safe

Takardar kotu ta zo. Sun sa ranar Talata, huɗu ga Maris. Na karanta ta a tsaye bakin ƙofa, sannan na ɗora shayi. Na ɗauko kofuna biyu, na mayar da ɗaya.

'Yarmu Rhian ce ta sayo mini littafin nan, wai rubutu yana rage nauyin zuciya. Tunda ta koma Cardiff take ganin duk abin da ya dami uwarta akwai shagon da ake sayar da maganinsa. To, ga shi ina rubutawa. Ba ni da wanda zan rubuta wa sai kai, Emrys. Ka saurara, dama ka iya.

Ga yadda abin yake. A watan Nuwamba kyamarar gaban makarantar firamare ta kama ni ina gudun mil talatin da takwas inda doka ta ce ashirin. Takardar farko mai tambayar wa ke tuƙi, Rhian ta cika ta kafin ta koma aiki. Ta biyu ta ce in biya fam ɗari, in karɓi makin laifi uku a lasisi, magana ta mutu. Mako huɗu suka bayar. Ban buɗe ta ba. Cikin katunan ta'aziyyarka ta shigo, na kwashe su gaba ɗaya na tura bayan agogon kan murhu. Wa'adi ya wuce. Yanzu majistare ne za su yanke, kuma suna iya ba da maki shida. Wanda bai cika shekara biyu da lasisi ba, in ya tara shida, ƙwacewa ake yi, ya koma ɗan koyo. Nawa bai cika ba.

Shekarata sittin da uku. Ba zan sake cin jarrabawar nan ba, babu kai a kujerar gefe.

Talata, 4 ga Fabrairu, da yamma

Ruwa tun safe. Ban fita ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, bayan abincin rana

Yayarka Beryl ta zo da kek ɗin kasko mai zabibi, irin wanda take cewa da hannunta ta yi. Na ga takardar kanti a manne ƙasan robar. Ta zauna a kujerarka ba tare da ta tambaya ba, ta karanta takardar kotun tana motsa leɓe, ta ce wannan ai ba komai ba ne in na san yadda ake yi. In sa baƙaƙen kaya. In bar hoda. In ɗauki takardar waƙoƙin jana'iza mai hotonka a hannu, yadda za su gani. In an yi mini tambaya in ɗan yi shiru tukuna, in goge ido.

Na ce mata kotu zan je, ba wasan kwaikwayon coci ba.

Ta ce, "Glenys, ba ki taɓa sanin inda ake lanƙwasawa ba. Shi ya sa Emrys ya yi furfura da wuri."

Na ce, "Furfurarsa tun yana gidanku ya faro ta."

Ta ci kek uku daga cikin waɗanda ta kawo. Da za ta tafi ta ce ko sun karɓe lasisin ba ƙarshen duniya ba ne, ita da mijinta Trevor za su riƙa kai ni makabarta, sau ɗaya a wata, in hanya ta yi. In hanya ta yi. Ka ji fa. In tsaya a kan kabarinka da Beryl a bayana tana duba agogo, tana gaya mini furannin kabarin maƙwabcinka sun fi tsada.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da hantsi

Na hau dutse wurinka. Tumaki sun sake shiga ta katangar da ta rushe, sun cinye furannin. Ban ji haushinsu ba. A duk kwarin nan su kaɗai suke zuwa ba su ba ni shawara ba.

Na ƙirga a raina: in babu mota, babu zuwa. Bas mai lamba tara, wanda ka tuƙa shekara talatin, sun soke shi tun bara. Mutanen ofis suka zauna suka duba takardunsu suka ce ba mai hawa dutsen. Gaskiyarsu, mafi yawan masu hawa a kwance ake kai su. Gwiwata ba za ta yi mil uku na hawa ba, ka sani.

Laraba, 12 ga Fabrairu, da rana

Na buga wa ofishin kotu waya in ji ko har yanzu zan iya biyan ɗarin. Wata murya ta ce danna ɗaya, danna uku, kiranki yana da muhimmanci gare mu, sai kiɗan goge har shayina ya huce. Da mutum ya ɗauka, ya ce ƙofar nan ta rufe, yanzu tarar gwargwadon abin da nake samu a mako za a yanka, a ɗora kuɗin kotu, a ɗora wani kuɗin kuma da ake ba waɗanda aka zalunta. Na tambaye shi wa na zalunta a titin da ko kare babu. Ya ce sunan kuɗin ke nan kawai. Ya ce me ya hana ni amsawa a kan lokaci. Na ce an yi mini rasuwa. Ya ce yana taya ni baƙin ciki, da irin muryar da ake cewa ga canjinki. Sannan ya ce da na cika komai ta intanet, ba sai na zo ba, majistare ɗaya zai duba a ɗaki shi kaɗai ya yanke.

A'a. Wanda zai karɓe mini abin da ka koya mini, ya ɗaga kai ya dube ni.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da yamma

Shaguna cike da jajayen furanni. Ba ka taɓa saya mini ba, kuma ban taɓa so ba. Ka san abin da ka ba ni a wannan ranar shekara biyu da suka wuce? Jajayen haruffan L guda biyu na mannawa a mota, alamar ɗan koyo.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, bayan coci

Kowa ya sani. Beryl ba ta riƙe magana fiye da yadda rariya ke riƙe ruwa. A bakin coci Trevor ya tare ni, shi da abokansa na kulob, masu ƙorafin dokar mil ashirin tun ranar da aka kafa allunan. Suna so su sa labarina a shafinsu, da hotona a gefen mota, wai matar da mijinta ya rasu ake ja kotu. Wai ni ce irin wadda suke nema.

Mutanen nan, Emrys. Duk rashin lafiyarka ba wanda ya taka ƙofarmu sai sau ɗaya, ranar da akwatin talabijin ɗin Trevor ya lalace ana wasan rugbi. Yau sun gano ina da amfani.

Trevor ya rage murya ya ce da na zo wurinsa tun farko da ya ce shi ke tuƙi, lasisinsa fes yake. Na ce masa ɗauri ake yi a kan wannan, sannan kuma rabin garin nan sun ga wadda ke riƙe da sitiyari ranar. Ya yi dariya ya ce, "Ai kuwa mun gani. Kamar an harba ki daga bindiga!"

Na juya na bar shi a wurin. Na zo gida. Ban ci komai ba.

Talata, 18 ga Fabrairu, da safe

Yau na tashi ina tuna filin ajiye motoci na babban kanti, inda ka koya mini tuƙi ranakun Lahadi bayan sun rufe. Lokacin da ciwon suga ya fara cin idonka, likita ya ce ka ajiye tuƙi, muka zo gida. Ka ɗora makulli a gaban farantina ka ce gidan nan ba zai zauna ba direba ba. Na ce ni da ko keke ban iya ba. Ka ce ka taɓa koya wa Trevor, bayan wannan ba abin da zai gagare ka.

Ba ka ganin allunan hanya sosai, amma kunnenka yana jin inji. Saki kuloci a hankali, Glen, ba kunama ba ce. Madubi, Glen. Madubi kuma. Sau uku na faɗi jarrabawa, kowane karo ka sayi kifi da soyayyen dankali muka ci a cikin mota kamar biki.

Shekara talatin kana jan bas a kwarin nan, ko maki ɗaya ba a taɓa sa maka ba. Abin da ka fi maimaita mini shi ne na danja. "Ja, ja ce, Glen. Ko duniya ba kowa, ko ke kaɗai kika rage. Ki tsaya."

Na tsaya, Emrys. Na ji maganarka.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da rana

Na zaga ta bayan tashar mai don kada in bi ta gaban gidan burodi. Wata uku ke nan ina wannan zagayen.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da hantsi

Gidan Probert masu jana'iza sun aiko kati. Suna son sanin yadda na ga aikinsu, in zaɓi tauraro daga ɗaya zuwa biyar. Tsabtar mota. Ladabin ma'aikata. Ko zan tallata su ga 'yan uwa da abokai.

Mista Probert da doguwar hularsa da sandarsa. Ya yi tafiyar ƙasa a gaban motar da ta ɗauki gawarka daga ƙofar gida zuwa ƙarshen layinmu, a hankali, kai a sunkuye, saboda a nan ne mutane ke leƙe ta labule. Yana shan kwana ya faɗa mota ya rufe ƙofa. Motar da aka biya kuɗi mai yawa, madubi uku gare ta. Na ƙirga su.

Babu wurin zaɓar wannan a katin. Na sa shi a ƙarƙashin ƙafar tebur mai gilgiɗi. Ya yi daidai.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, da yamma

Rhian ta zo da na'urarta, ta buɗe a teburin kicin, wai mu rubuta abin da zan faɗa. Ta yi bincike. Ta ce daga huɗu zuwa shida suke bayarwa a irin gudun nan, kuma abin da ke raba huɗu da shida shi ne dalili. Ta fara karanta mini abin da ta tsara. Turanci mai kyau, irin na makarantar da muka yi ta fama muka kai ta. Akwai raɗaɗi a ciki, akwai ɗimuwa. Na ce mata ban san matar nan ba.

Ta ce, "Mam, ba ƙarya na ce ki yi ba. Faɗa musu abin da ya faru kawai."

Na ce ba zan ɗauki ubanta in kai shi kasuwa a rage mini maki biyu ba.

Ta rufe na'urar. Ta daɗe tana duban agogon kan murhu. Sai ta ce ita fa tana cikin mota ta biyu ranar, a bayana, ta ga komai, kuma duk cikin waɗanda suka gani ni kaɗai nake ganin abin kunya ne. Ta ce da kana nan da ka ce in daina taurin kai in riƙe lasisina. Na ce kada ta sa maka magana a baki. Ta ce ba sai ta sa ba, ta san ubanta.

Ta wanke kofuna da ƙarfi har ɗaya ya tsage. Da za ta tafi ta rungume ni a bakin ƙofa, gashinta yana ƙamshin ruwan sama kamar lokacin da take dawowa daga makaranta. Kunnenka gare ta, da haɓarka. Taurin kan dai nawa ne.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da safe

Na buɗe katunan. Farin fure, farin fure, tantabara, farin fure. Shago ɗaya suka saya duka. Na Beryl ne kawai ta rubuta da yawa, kuma rabinsa a kan kanta.

Litinin, 3 ga Maris, da yamma

Na goge shuɗiyar rigar da kake so. Ba baƙa ba. Na duba mai da iskar taya yadda ka nuna mini. Wataƙila gobe a bas zan dawo.

Talata, 4 ga Maris, bayan na dawo

Bari in cire takalmi tukuna.

Na tuƙa kaina zuwa birni. Beryl ta so raka ni, na ce wuri ɗaya ne a motar kuma da mai shi. A ƙofar kotu suka binciki jakata, suka sa na kurɓi ruwan gorata a gabansu. Ɗakin jira kujerun roba ne a kafe da ƙasa, kamar wani zai sace su. An rubuta mana duka ƙarfe goma, mu wajen ashirin. Sai bayan azahar ɗinsu, da suka ci suka ƙoshi, aka kira ni.

Su uku ne a sama, maza biyu da mace a tsakiya mai tabarau a rataye da sarƙa. A ƙasansu akwai magatakarda. Gefe kuma mai gabatar da ƙara, da tulin takardu, bai san sunana ba sai da ya duba. Ya kira ni Misis Powell. Na ce Howells. Ya ce haka ne, kamar shi ya tuna.

Na amsa laifina. Ya karanta rana, da wuri, da gudu. Ya ce gaban makaranta ne. Gaskiya ne, ban musa ba. Sannan ya ce hoton kyamara ya nuna hanya a buɗe, ba wata mota a gaba ko a baya, ba abin da ya tilasta wannan gudun.

Na shirya ba zan ce komai ba, Emrys. Na rantse na shirya. In sun ba da shida su bayar. Amma da ya ce ba wata mota a gaba, sai na ji bakina ya buɗe.

Na ce, "Akwai mota a gaba. Ta sha kwana ne."

Matar ta sa tabarau ta ce wace mota.

Na ce, "Ta mijina, ranki ya daɗe. Motar gawa."

Na ci gaba a tsaye, hannuna a kan katako. Na gaya musu kai ka ce kada in shiga baƙar motar haya, in bi ka da tamu, da hannuna, a bayanka kai tsaye. Na gaya musu a gaban gidan burodi motar gawa ta wuce danja tana rawaya, ni kuma ta kama ni a ja. Ba kowa a mahaɗar, hagu da dama. Na taka birki. Duk jerin motocin suka tsaya a bayana. Direban bai duba madubi ba. Ina zaune ina kallo ka yi ta tafiya kai kaɗai, ka wuce kantin magani, ka wuce kulob, ka sha kwanar makaranta. Da ta ba da kore na taka.

Namijin da ke hagu ya tambaya ko na cim maka.

Wannan ne ban taɓa rubutawa ba. Na ce a'a. Na same ka a ƙofar makabarta, mota a tsaye, direban ya fito yana duba wayarsa. Shekara arba'in da ɗaya ba ka taɓa zuwa ko wurin likitan haƙori kai kaɗai ba.

Ban yi kuka ba. Ka gaya wa yayarka.

Suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, kamar masu zaɓar kabewar da ta fi a bikin gona. Magatakarda ya miƙa musu wani jadawali suka bi da yatsa. Ashe akwai layin da muka faɗa a ciki. Matar ta ce suna taya ni baƙin ciki. Ta ce amma gaban makaranta gaban makaranta ne. Maki huɗu. Tara da kuɗin kotu da na waɗanda aka zalunta, sun haɗu sun ninka ɗarin nan fiye da sau uku, a riƙa cira daga fansho. Ta ce in kula, abu kaɗan ya rage mini. Kafin in ɗauki jakata sun kira na gaba.

Lasisin yana nan. Na zauna a mota na daɗe ban tayar ba. Ban san ko sayar da kai na yi ba. Ban ji kamar ciniki ba lokacin da nake faɗa. Na ji kamar na ajiye buhun kwal ne.

Rhian ta bugo. Na ce huɗu. Sai ta ce, "Kin faɗa ke nan." Na ce ta je ta ci abinci.

Laraba, 5 ga Maris, da rana

Beryl ta bugo ta ce ai ta gaya mini. Ta tambaya ko baƙar rigar na sa. Na ce eh, don ta bar ni.

Alhamis, 6 ga Maris, da hantsi

Furannin rawaya sun fito a bakin katanga, waɗanda ka dasa kana lalube da hannu. Na yanko maka. Na san tumaki ne za su ci.

Yau ban zaga ta tashar mai ba. Na bi layinmu, na sha kwana inda Probert ya shiga mota, na miƙe. Mil ashirin cif. Wani mai farar motar kaya ya manne mini a baya yana ta danna oda, na bar shi ya yi ta yi. Madubi, Glen. Na duba. Fuskarsa ja kamar naman alade.

Na zo in gaya maka da bakina, kai mai shekara talatin ba ko ɗaya, matarka ta kwaso huɗu a tafiya guda. Ka yi dariyarka, na yarda.

Danjar gaban gidan burodi kuwa, tun daga nesa ta ba ni kore, 'yar banza. Ta riƙe shi har na wuce. Yau da ba wanda nake bi.